Yadda Ake Shiga Aikin Binciken Musabbabin Mutuwa a Jos da Abuja

Kusan duk lokacin da JAMB ta buɗe sayar da fom, sai tambayar nan ta dawo mini daga ɗalibai da iyayensu: wane kwas ake karantawa a zama mai binciken abin da ya kashe mutum, ina ake neman aikin, kuma yana ci da mutum? Na daɗe ina aiki a sashen binciken naman jikin mutum da gawa na wani asibiti a nan Jos, don haka zan jera matakan yadda na san su, daga zaɓen kwas har tsayuwa gaban alƙali.

1. Fara sanin wa ke yin me

A Amurka akwai ma'aikaci guda da wannan ne aikinsa kacokan: a kira shi wurin da aka tsinci gawa, ya duba, ya tambayi iyali, ya kai wa likita rahoto. A Jos ko Abuja ba za ka ga an tallata kujera da wannan suna ba. An raba aikin ne tsakanin hannu huɗu. Ɗan sanda mai bincike shi ke zuwa wurin, ya cike fom B, wato rahoton mutuwa. Majistare da doka ta ba ikon binciken mutuwa, wanda ake kira korona a harshen kotu, shi ke ba da umarnin a duba gawar. Likitan binciken gawa ya duba ya cike fom D, wato rahoton abin da ya gano. Ma'aikatan mutuware da na ɗakin gwaji su ke riƙe da gawar da samfurin da aka ɗiba.

Mutuwar da ke shiga wannan layi ita ce ta kisa, haɗari, rataya, guba, nutsewa a ruwa, mutuwar fuju'a da ba a san dalilinta ba, gawar da ba a san mai ita ba, da wanda ya rasu a hannun hukuma, a caji ofis ko gidan gyaran hali.

Gargaɗi: takardar shaidar hukumar ABMDI ta Amurka da wasu ke gani a intanet ta waɗanda suke aiki a ofishin binciken mutuwa ce. Kada ka tura wa kowa kuɗi da sunan zai samo maka ita daga nan.

2. Gwada zuciyarka kafin ka sayi fom

Gani ya kori ji. Ka rubuta takardar neman izini zuwa ga shugaban sashen binciken nama na asibitin koyarwa, ko JUTH da ke Lamingo, ko na Gwagwalada, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ka roƙi a bar ka ka zauna da ma'aikata ko da na yini biyu ne. Ba lallai a bar ka ka shiga ɗakin feɗa ba idan ba ɗalibin lafiya ba ne kai, amma ko zaman bakin ƙofar mutuware zai nuna maka abin da fim ba ya nunawa: wari, kukan iyali, da jiran takarda. Jini ba shi ke korar yawancin mutane ba. Gawar ƙaramin yaro ce, da gawar da ta kwana uku a kududdufin kuza.

3. Zaɓi ƙofar da za ka shiga

Ƙofar likita ita ce mafi tsawo, kuma ita ce mai sa hannu a kan musabbabin mutuwa. A JAMB za ka zauna Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Karatun likita shekara 6 ne, sai shekara 1 ta aikin horo a asibiti, sai bautar ƙasa, da rajistar hukumar likitoci ta MDCN. Daga nan ka ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, ka nemi gurbin horon ƙwarewa a fannin binciken nama da gawa. Wannan horo yakan ci shekara 5 ko fiye, da manyan jarrabawa biyu. Ka lissafa shekara 13 aƙalla, idan yajin aiki bai shiga tsakani ba. Masu son zurfafawa a binciken gawa na shari'a zalla sukan ƙara horo a waje, kamar Ingila ko Afirka ta Kudu. Farfesa John Obafunwa, wanda ya jagoranci tantance gawarwakin jirgin Dana da ya tashi daga Abuja ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni 2012, ta wannan ƙofa ya bi.

Ƙofar ɗakin gwaji: digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, shekara 5, da shekara 1 ta horo, da lasisin hukumar masu gwaje-gwajen asibiti ta MLSCN. Idan ka zo zaɓen fanni, ɗauki na nama ko na sinadaran jini. Kai ne za ka gyara naman da aka ɗiba har ya hau gilashi likita ya karanta. Masu Bayokemistiri, Kemistiri da ilimin sassan jiki su ma suna samun shiga ta wajen gwajin guba da na DNA.

Ƙofar ɗan sanda ita ce ta fi kusa da abin da yawancin masu tambayata suke nufi, domin shi ke fara isa wurin. Ko ka bi ta makarantar 'yan sanda ta Wudil, shekara 5, ka fito da digiri da muƙamin ASP, wato mataimakin sufuritanda, ko ka shiga ta ɗaukar kurata. Bayan ka yi aikin ofishin yanki, sai ka nemi a kai ka sashen binciken kisan kai na CID ta jiha, ko hedikwatar binciken manyan laifuka da ke Area 10, Garki. Kwas ɗin kwalejin masu bincike ta Enugu yana taimakawa sosai.

Gargaɗi: shiga aikin ɗan sanda kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka sunanka, ɗan damfara ne.

Sai ƙofar lauya, mai kai mutum kujerar majistare, da ƙofar ma'aikacin mutuware, wadda mutane ke rainawa alhali babu binciken da ke tafiya ba da shi ba. Na ga tsohon ma'aikacin mutuware ya nuna wa sabon likita ramin allura a bayan gwiwa da shi likitan ya tsallake.

Gargaɗi: wasu jami'o'i sun fara ba da digiri a kimiyyar binciken laifuka. Kafin ka biya, tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin, ka kuma tambaya ko suna da ɗakin gwaji na gaske. Haka nan yawancin kwasa-kwasan mako biyu da ake tallatawa a Abuja da kalmar "forensik" na binciken almundahanar kuɗi ne ko na kwamfuta, ba ruwansu da gawa.

4. Lissafin kuɗi

Kuɗin makaranta yana canzawa duk shekara, don haka ka duba na shekarar da kake ciki a ofishin makarantar kai tsaye. Abin da iyaye ke mantawa shi ne ƙananan kuɗaɗen da ke biyo baya: rajistar hukuma da sabunta lasisi kowace shekara, kuɗin jarrabawar ƙwarewa, kuɗin mota da masauki zuwa inda ake zana ta, da kwas ɗin bita kafin kowace. Likita mai horon ƙwarewa albashi ake biyansa, kuma a asibitocin tarayya akwai asusun tallafin horo.

Albashi na gwamnati ne: likita a tsarin CONMESS, ma'aikacin gwaji da na mutuware a CONHESS, ɗan sanda a CONPOSS. Wanda yake neman kuɗin gaggawa ya nemi wani fannin. Kuma ka shirya wa wannan: sau da yawa safar hannu, ambulan da batirin tocila daga aljihunka za su fito.

5. Rigakafi da jakar aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka taɓa gawa ta farko, yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda 3: yau, bayan wata 1, da bayan wata 6. Ƙara da ta tetanus.

A jakarka a samu safar hannu mai yawa, takunkumi, tabarau na kariya, rigar leda, takalmin roba, tocila mai ƙarfi, tef ɗin awo, ƙaramar rula ta ɗaukar hoto, ma'aunin zafi, ambulan na takarda manya da ƙanana, kwalabe masu murfi, alƙalamin da ba ya gogewa, igiyar killace wuri, da littafi mai ɗinki wanda ba a yage shafinsa. Kyamara ta aiki ta fi wayarka, domin lauya yana iya neman a kawo na'urar da ta ɗauki hoton.

Gargaɗi: Filato na cikin jihohin da zazzabin Lassa ke ɓulla, musamman da rani. Idan aka ce mamacin ya yi zazzabi mai tsanani, ya yi ta zubar da jini ta hanci ko baki, janye hannunka, hana kowa taɓawa, ka kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

6. A wurin da aka tsinci gawa

Nan ne aikin yake, kuma jerin yana da muhimmanci, domin abin da aka ɓata a awa ta farko ba ya dawowa.

Da farko ka tabbatar wurin ba zai kashe ka ba: wayar lantarki, hayaƙin janareta, rijiya mai iska mara kyau, ko taron da ya fusata. Na biyu, a tabbatar mutumin ya rasu. Idan akwai sauran numfashi, asibiti kawai. Dokar 2017 ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Na uku, killace wurin, ka rubuta lokacin isowarka da sunan duk wanda ya riga ka shiga, da abin da ya taɓa.

Sai hoto, kafin hannu. Daga nesa a ga ɗakin ko filin duka, daga tsakiya a ga gawar da abin da ke kewaye da ita, daga kusa a ga kowane rauni sau biyu, da rula da babu rula. Zana taswirar wurin a littafinka ko da zanenka bai da kyau.

Bayan nan ka duba alamu uku. Sandarewa tana farawa daga muƙamuƙi da wuya cikin awa 2 zuwa 4, ta game jiki wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Kwanciyar jini kuwa, jini yana gangarawa ɓangaren da ke ƙasa. Idan ka danna da yatsa launin ya gushe, bai daɗe ba, bayan awa 8 zuwa 12 yakan zauna daram. Idan ka samu mutum a rigingine amma jinin ya kwanta a ƙirji da fuska, an juya shi bayan ya mutu. A baƙar fata wannan alama tana wuyar gani, don haka ka haska tocila, ka duba tafin hannu, farce da cikin leɓe. Ta uku ita ce hucewar jiki: auna zafin gawar da na iskar wurin, ka rubuta lokaci.

Gargaɗi: alƙaluman littafi na ƙasashen sanyi ne. Gawar da ta kwana a waje a Bukuru cikin hunturun Disamba da wadda ta yini a ɗakin kwano a Gwagwalada cikin Maris ba tafiyarsu ɗaya ba. Ta biyun tana iya kumbura kafin ta farko ta saki. Kada ka taɓa cewa "ƙarfe biyu na dare ya mutu". Ka ba da tazara, ka faɗi dalilinka.

Wata safiya cikin sanyi aka kira mu wani gida. Magidanci da amaryarsa a kan gado, babu rauni, babu alamar kokawa. Kafin mu isa, dangin amarya sun riga sun yanke hukunci: uwargida ce ta zuba wani abu a tuwon dare. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, mayafi a ka, ba wanda ke mata magana. Ɗakin mamatan kuwa an toshe tagarsa da kwali, an cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Da na haska farcen mijin sai na ga ja ne jawur, ba shuɗi-shuɗin da aka saba gani ba. A tsakar simintin ɗakin akwai zagayen toka kamar faɗin faranti. Na tambayi yaran gidan me ke nan wurin, sai wata yarinya ta ce kaskon gawayi ne, maƙwabciya ta fitar da shi da asuba don kada mutane su yi tuntuɓe. Gwajin jini daga baya ya tabbatar iskar gawayi ce. Da an share ɗakin nan kafin mu zo, da baiwar Allah nan ta ƙare rayuwarta da sunan mai kisa. Tun daga ranar, tambayata ta farko a kowane ɗaki ita ce: me aka fitar daga nan?

Kafin a ɗaga gawa, sa hannayenta cikin ambulan na takarda ka ɗaure, saboda abin da ke ƙarƙashin farce. Idan rataya ce, yanke igiyar nesa da ƙullin, kada ka kwance shi. Wuƙar da ke jiki a bar ta a inda take. Kwalbar Sniper, sauran magani, kwanon abinci, duk a tattara a rubuta.

Gargaɗi: tufa mai jini ba ta shiga leda. Za ta yi gumi ta ruɓe, shaidar ta lalace. A shanya ta a inuwa ta bushe, a sa a takarda. Kuma hoton mamaci ba ya hawa WhatsApp ko Facebook, ko da a zauren abokan aiki ne. Amana ce.

7. Magana da iyali

Wannan mataki ba a koyar da shi a aji, kuma a garinmu shi ke yanke ko za a yi bincike ko ba za a yi ba. Musulmi yana son a sallaci mamacinsa a kai shi makabartar Zariya Road kafin la'asar, kuma yana da hujja, domin addini ya ce a gaggauta jana'iza, hadisi kuma ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Wanda ya shigo da gadarar "doka ce" zai tarar an riga an yi wanka an sa likkafani.

Ka fara da gaisuwar ta'aziyya, ka nemi babban gidan, ku koma gefe, ka zauna ƙasa da shi. "Baba, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ba mu zo riƙe muku shi ba. Akwai abin da in ba a duba yanzu ba, gobe wani zai ɗauki laifin da ba nasa ba, ko mai laifin ya tafi." Ka faɗa masa gaskiyar abin da za a yi, da awa nawa zai ɗauka, da cewa za a ɗinke a mayar da shi cikin mutunci. Idan ana jayayya, a kira limamin unguwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987 ta halatta binciken gawa idan shari'a na buƙatar sanin musabbabin mutuwa, kuma malamai da yawa sun san da wannan. Idan mamaciyar mace ce, yi iya ƙoƙarinka mace ta kasance cikin masu dubawa. Shi ya sa nake roƙon 'yan mata su shigo fannin nan.

A gidan Kirista, "Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ku" ita ce gaisuwar, kuma matsalar daban ce: ba gaggawar binnewa ba, gaggawar yi wa gawa allurar adanawa.

Gargaɗi: kada ka yi alƙawarin lokacin da ba a hannunka yake ba. Sa hannun majistare yana iya jinkiri, musamman ranar Juma'a da yamma. Tura mai kai fom tun kana wurin.

8. Mutuware da samfur

Ɗaura wa gawa lamba a hannu ko yatsan ƙafa kafin ta bar wurin, ka raka ta da kanka. A mutuware a sa ta a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 4, ka rubuta a fili cewa ta binciken korona ce, wato majistare.

Gargaɗi mafi girma: kada a yi mata allurar adanawa ta fomalin, kada a wanke ta, kafin likita ya duba. Fomalin yana ɓata gwajin guba, ruwa yana tafiya da shaida. Inda wuta ba ta tsayawa, ma'aikata sukan yi allurar da zarar gawa ta shigo don gudun wari, don haka ka faɗa da baki, ka kuma rubuta a rajista.

Wani ɗan'uwa na kusa zai tabbatar da mamacin a gaban likita, ɗan sanda mai bincike yana tsaye. Ana ɗibar jini daga jijiyar cinya, da fitsari, ruwan ido, abin da ke cikin tumbi, da yankin hanta. Jinin gwajin barasa da guba a kwalba mai murfin toka-toka, na DNA a mai murfin shunayya. Naman da za a duba a gilashi shi kaɗai ke shiga fomalin mai kashi 10 cikin 100. Kowace kwalba da suna, lamba, kwanan wata da sa hannu, kuma duk wanda ta bi ta hannunsa ya sa hannu a takardar miƙawa. Gwajin guba da na DNA galibi sai an aika Legas ko waje, cibiyar DNA ta jihar Legas ma da aka buɗe a 2017 an ƙona ta a rikicin Oktoba 2020, saboda haka ka gaya wa iyali tun farko cewa sakamako zai ɗauki makonni.

9. Rahoto da kotu

Rubuta a ranar, kada ka bari sai gobe. Raba abin da idonka ya gani da abin da aka faɗa maka: "na ga rauni mai tsawon santimita 3 a hagun wuya" daban, "ƙanensa ya ce an sare shi" daban. Raba musabbabi da yanayi: zubar jini daga raunin wuƙa musabbabi ne, ko kisa ne, ko haɗari, ko kashe kai, wannan yanayi ne. "Zuciya ta tsaya" ba musabbabi ba ne, kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya.

Shari'ar kisa tana iya kai shekaru kafin a kira ka. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar ra'ayin ƙwararre, amma lauyan wanda ake tuhuma zai fara ne da takardunka na karatu, ya koma kan wa ya riƙe kwalbar daga mutuware zuwa ɗakin gwaji. Amsa abin da aka tambaye ka, ka fuskanci alƙali, ka ce "ya mai shari'a, wannan ya wuce fannina" idan ya wuce.

Gargaɗi: za a zo maka, wani da ambulan, wani da sunan babban mutum, wani da hawaye, a ce ka sassauta layi ɗaya. Sanar da shugabanka a rubuce a ranar, ka ajiye kwafin rahotonka na asali a inda kai kaɗai ka sani.

10. Samun gurbi da daɗewa a ciki

Asibitocin koyarwa da na tarayya suna tallata gurbin horo da na aiki a jaridu da shafukansu. Ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar asibitocin Abuja su ma haka. Yi rajista da Red Cross reshen jiharka, domin su da ICRC, kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, sukan ba da horon kula da gawarwaki lokacin bala'i, kuma nan ne ake sanin masu juriya. Idan ka fito bautar ƙasa, roƙi a tura ka sashen binciken nama. Ba a cika rububinsa ba.

Ka kuma samu mutum ɗaya, abokin aiki ko malaminka, da za ka riƙa faɗa wa abin da ka gani. Idan barci ya fara gagararka, ko ka ga kana yi wa yaranka tsawa ba dalili bayan aikin gawar yaro, nemi hutu ka ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin da kake. Kayan aiki kuma a cire su a wurin aiki, a yi wanka a can, takalmin roba kada ya shiga gida.